Kabewar da Kaka ta Yanke

Jikata ta manta wani littafin hotuna a ɗakina da suka zo hutu. Labarin maƙwabta ne a wani birni, kowa da ƙabilarsa, sun haɗu sun yi lambu, a shafin ƙarshe duk suna dariya. Na daɗe ina kallonsa. Mu ma mun yi irin wannan lambu a Rano, amma namu bai ƙare da dariya ba.

Ina wurin kakata a lokacin, mu biyu kaɗai a gida, don iyayena suna Kano. Bayan unguwarmu akwai fili a bakin kududdufi, kowa ya ja fangalinsa. Wata Bafulatana ke kawo taki a ƙwarya, wani tsoho Babarbare mai gyaran takalma ya shuka albasa, mu kuma yakuwa da kuɓewa. Da yamma ƙasa ta jiƙe, ƙamshinta ya haɗu da na ɗoɗɗoya, ka ji hira kashi-kashi.

Sai aka kawo sabon malamin asibiti daga kudu, da matarsa. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Kaka ce ta kama hannunta ta nuna mata fangali kusa da namu. Matar ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu manyan 'ya'yan iri guda huɗu, ta binne. Abin ya yi yaɗo ya hau darni. Ganyen take tsinka ta yi miya, mu kuwa muna mamaki. Cikin huɗun ɗaya ne kawai ya yi ɗa, ƙato, mai layi-layi a jiki. Kullum sai ta shafa shi kafin ta tafi.

Ana cikin girbi matar ta haihu, ba uwa ba dangi. Kakata ta ce ai wannan abin kunya ne ga unguwa, mai jego ba miyar taushe.

"Maigida, ɗauko wuƙa," in ji ta, don haka take tsokanata. "Ga kabewarta can ta ƙosa, ita ba ta san daɗinta ba."

Ni na ɗauko ta a ka. Da aka fasa, Kaka ta riƙe haɓa.

"Wace irin kabewa ce wannan, ba tsoka sai 'ya'ya?"

Muka kai wa mai jegon a faranti don ta gani. Ta ɗauki 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana latsawa, duk ruwa ne, ba su nuna ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta fuskanci bango da jaririnta. Mijin ne ya gaya mana ugu ake kiransa, ba a cin ɗan, iri ake bari. Mahaifiyarta ce ta ba ta ranar da za ta taho.

Kaka ta bi kasuwar Kibiya rumfa-rumfa tana neman irin, ta roƙi direbobin Kano su cigita mata. Ba wanda ya san shi. Matar ta ci gaba da gaishe mu da ladabi, amma ba ta ƙara zuwa lambu ba. Kafin damina aka canza wa mijin wurin aiki.

Na yi yawo bayan haka, na zauna Kumasi da Kwatano da Khartum, na iya harsuna har da nata. A wani gidan bene na taɓa rainon yakuwa a bokiti, ina leƙa ta kafin in gaida kowa. A nan na gane abin da muka yanke.

Yanzu na dawo gida. An cike kududdufin an yi shaguna, maƙwabtana kowa da ƙyauren ƙarfe, sai mu haɗu a masallaci. Ugu kuwa ga shi nan tuli a kasuwa, har irinsa ana sayarwa. Makon jiya na sayi guda huɗu, na tsaya da su a hannu, na rasa gidan da zan kai.