Hotunan da Na Ce a Goge

Sati uku da rasuwar ƙanwata, 'yarta ta same ni a zaure ina duba takardun 'yan lakol, ɗalibaina na makaranta. Shekararta goma sha huɗu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Kawu, an ce kai ka ɗauki hotunan sunana. Akwai wanda nike tare da Inna?"

Na ce mata zan duba. Faɗa kawai na yi, don na san abin da ke cikin faifan hotunan sunan: rago, wanzami, kakanni sun jeru a tabarma, da ni kaina cikin sabuwar shadda. Uwar jaririya babu ita.

Yarinyar 'yar fari ce. A gidanmu na Gazawa, kamar sauran gidaje, uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa. Ƙanwata kuwa ta kai kunyar nan ƙarshe. Ana yaye yarinyar aka kai ta wajen mahaifiyarmu, can ta girma. In ta je gidan uwarta, "ke" ake ce mata, a aike ta ɗebo ruwa. Mu manya mun san abin da ke ƙarƙashin wannan, yarinya kuwa wa ya gaya mata? Da ta miƙe za ta fita sai ta ce, "Ni dai ban san ko tana sona ba." Na kasa ci gaba da aikin.

Lokacin sunan ni kaɗai ke da kamara a danginmu, wata 'yar ƙarama da na sayo a ƙetaren iyaka, ina ji da ita fiye da babur ɗina. Katinta ɗaya ne, kuma ba ya ɗaukar hotuna da yawa. Suna, biki, saukar karatu, duk sai an kira ni. Da katin ya cika sai in shiga mota zuwa Agiye, wajen wata Hajiya da ta bar aikin ofis ta buɗe shagon buga takardu. Tana da ordinater, wato kwamfuta, ita ke juye mini hotuna a faifai, in share katin in koma.

Ranar sunan na bi ƙanwata da kamara har na gaji. Da an miƙo mata jaririya sai ta juya baya, ko ta ja mayafi ta rufe fuska, gwaggonninmu na dariya suna yaba hankalinta. Abin da na samu nata duk ƙeya ne, ko hoto mai girgiza. Da na je Agiye sai na tafi da 'yar takarda, na rubuta lambobin hotuna ashirin masu kyau.

Hajiya mace ce da ba a sa ta sauri. Sai ta tabbata kamara a kashe take kafin a ciro kati. Sai ta ture ɗan makullin da ke gefensa don kada wani abu ya goge bisa kuskure. Kwafi take yi, ba ta taɓa kwashewa ta bar kati fanko. In ta gama ta duba ko adadin ya yi daidai, sannan ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma Allah ya yi ni da gaggawa, ga shi na bar mota tana cika a tasha.

Na ce, "Hajiya, waɗanga ashirin kaɗai nika so. Sauran shara ne, goge su."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, hotunanka ne, ko na mutanen da ke ciki?"

Na ce nawa ne mana, kamarata ce. Ta ci gaba da abinta. Na zauna, na tashi, na leƙa waje, na yi tsaki yadda za ta ji. Sai da ta ga dama ta miƙo mini faifai mai hotunana ashirin, ta ce in zan share kati in share shi a cikin kamarar, ba a na'urar wani ba. Na isa tasha mota ta tafi. Nan a kan benci na share katin tas, ina ta mita, na rantse na gama zuwa shagonta. Ban gama ba, na ci gaba da zuwa har waya mai hoto ta shigo hannun kowa, kamara ta koma ƙasan akwati. Daga nan ko gaisuwa ban sake kai mata ba.

Shi ya sa da yarinyar ta tambaye ni na ɗauka magana ta ƙare. Wa zai ajiye sharar wani shekara goma sha huɗu? Kwana biyu ina juyayi, ga kunyar komawa wurin matar da na watsar. Ranar kasuwa na daure na tafi.

Na tarar da ita ta tsufa, ta sa tabarau, shagon ya koma rabi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A'a, mai sauri! Yau mi ya kawo ka?" Na gaya mata. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce in jawo mata wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da faya-fayai naɗe cikin tsummoki, kowanne da sunan gari da na mai shi. Ashe duk wanda ya kawo mata kati sai ta yi nata faifan, da masu kyau da marasa kyau. Na Gazawa kusan duk nawa ne.

Muka samu na sunan. Ta sa shi a na'ura, ya yi ta gurnani, ya ƙi buɗewa. Zafi ya ci shi. Har na fara tattara hulata zan tafi. Ta ce, "Zauna, ba ka canza ba." Ta ciro wani ɗan akwatin ajiya mai waya daga aljihun tebur, ta haɗa. Ta ce abin da ke wuri ɗaya ba a ajiye yake ba, kuma duk sanda ta sake na'ura sai ta kwafe komai sabo.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ban yi tsaki ba. Ƙeya, mayafi, ƙeya, ƙafar wani. Sai ga wani karkatacce, wanda da alama hannuna ne ya danna ina sauke kamara. Rabinsa bango ne da ɗan yatsana. Hajiya ta ce, "Tsaya," ta girmama kusurwar. Ta tsakanin labule ga ƙanwata ita kaɗai a ɗaki, ta ɗaga jaririyar daf da fuskarta, ido cikin ido, bakinta a buɗe, tana murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. A ɗan gilashin kamara ban lura da ita ba, bango kawai na gani.

Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunya ba. Na gode wa Hajiya, na nemi gafarar tsakin da na yi mata, ta ce ta manta, ko da yake na san ba ta manta ba. Har yau in na yi addu'a tana ciki. Taurin kanta ya tsare mini abin da gaggawata ta zubar, kuma ban san da me zan saka mata ba. Ita ta yanke bangon da yatsan, ta wanke mini hoton guda biyu, ta ce kada in ajiye su gida ɗaya.

Da la'asar na isa gidan mahaifiyarmu. Yarinyar na tankaɗe a tsakar gida. Na miƙa mata, ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

Ta ce, "Wagga ni ce?"

Na ce ke ce.

Ta sa ɗan yatsa a kan bakin uwarta, garin da ya rage a hannunta ya ɓata wurin, ta yi sauri ta share da gefen hijabi.

Ta ce, "Kawu, dubi. Magana take mini."