Falon Aro a Minanata

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da mahaifina ya sayar da kayan auren 'yar maƙwabciyarmu da bakinsa ba, alhali bai san ya yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, ni ce na jera kayan da hannuna.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun da kuɗin mai suka shigo gari, duk wanda ya sami ɗan abin hannu sai ya nufi wajen masu siminti. Baba ɗan kasuwar yadi ne, muna zaune a Ƙofar Kware, shi ma ya je sabuwar unguwar Minanata ya gina gidan bulo mai falo. Ba a kai ga tarewa ba aka hana shigo da irin yadin da yake sarowa, jarinsa ya karye. Dole ta sa ya ce a sayar da gidan ya koma kasuwa da ƙarfinsa. Masu saye su zo, su leƙa ɗakuna wayam, su yi tayin da ko kuɗin gini bai kai ba, Baba ya ce albarka.

Ana nan wani dillali ya shigo cikin maganar. Ɗan siriri ne, hula a karkace, baki jawur da goro, kuma in yana magana da mutum ƙafarsa yake kallo. Tun ganin farko jinina bai haɗu da nasa ba. Ya ce wa Baba masu kuɗin yanzu ba bango suke saye ba, ido suke saye, don haka a ƙawata falon kamar da mutane a ciki. Baba ya ce ina ya ga kayan. Dillali ya ce ai aro halal ne, kwana biyu kacal, kuma ya ji labarin Alhaji na da ɗiyar da ba a jeren amarya a unguwa sai da ita. Ni ke nan. Ina da aure lokacin, kuma gaskiya ne, hannuna ya iya jere. Yabon nan ya ɗan shige ni, ban ƙi ba.

Gida gida na bi. Kujerun kushin na wani malamin makaranta ne da ƙarin albashi ya same shi, agogon bango na wani alhaji, darduma ta gwaggona. Amma idon falon shi ne kabad mai gilashi cike da tasoshi da kwalla da tangaran, kuma wannan na Inna ne, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu. Shekara da shekaru tana sai da ƙuli-ƙuli da mai tana tarawa ɗaya bayan ɗaya, saboda autarta da za a kai ɗaki bayan Sallah. Da na roƙe ta da farko ba ta so ba, har na ji kunya. Daga baya ta yarda, ta ce don ni ce, amma in tuna duk abin da ta mallaka a duniya ke nan. Na rantse mata ko ƙwarzane ba za ta gani ba.

Ranar jere dillalin nan ya tsaya a kaina kamar shi ne uwar amarya. Ya sa aka kawo fanka da firji, alhali wutar lantarki ba ta ma iso layin ba. Na ce to wannan kuma na mene ne, ya ce in dai yi aikina. Can sai ya ɗauki tasa guda ya juya gindinta, ya ga ɗigon jan farce. Duk macen garin nan ta san wannan. Kowace tana yi wa kwanukanta alama a gindi, saboda in an ara an kai gidan biki a gane na kowa. Ta Inna ɗigo uku ne a jere. Ya miƙo mini reza ya ce in kankare, wai yana ɓata tsari.

Nan zargina ya ƙaru. Wane mai sayen gida ne zai buɗe kabad ya juya gindin tasa? In kuwa kayan za su koma gun mai su jibi, me alamar ta tsare masa? Na ce ba zan kankare ba, ba nawa ba ne. Ya yi wata 'yar dariya ya mai da rezarsa aljihu. Da yamma na gaya wa Baba hankalina bai kwanta da mutumin nan ba. Baba ya ce na faye zargi, halin uwata na ɗauko.

Washegari mai saye ya zo da mutanensa. Falken shanu ne daga kara, kasuwar dabbobi, ƙato, rigarsa sai ƙamshin turare. Ina daga ƙofar ciki bayan labule ina kallo. Mutumin nan bai ƙwanƙwasa bango ba, bai ɗaga kai ya dubi rufi ba, bai tambayi inda ruwa yake bi da damina ba. Kujera ya danna da hannu, ya zauna, ya tashi, ya buɗe firji, ya daɗe a gaban kabad ɗin Inna. Duk inda ya tsaya dillali na gefensa yana yi masa raɗa. Na ce a raina bakinsu ɗaya, wallahi haɗa baki suka yi. Na so in leƙo in ce kayan aro ne, amma ina mace za ta tsoma baki a cinikin maza, a gaban ubanta kuma?

Ya yi tayin da ya zarce na kowa nesa ba kusa ba. Baba ya ɗan ja, ya ƙara, Baba ya ce ya sallama. Aka tafa, aka shafa fatiha a gaban shaidu. Sai falken ya miƙe yana gyara riga ya ce, "To Alhaji, kar a taɓa ko cokali. Awa yadda nig gane shi, haka nika son iyali su iske shi."

Nan na gane har da kayan yake nufin ya saya. Na dubi dillali, shi kuma ya duƙufa yana kallon takalminsa. Baba kuwa ya riga ya sallama. A kasuwarmu in mutum ya ce ya sallama, aka shafa, magana ta ƙare, wanda ya janye kuwa ya gama ciniki a garin. Kafin a ankara dillali ya karɓi la'adarsa ya ce ana jiransa a wani wuri.

Da asuba Baba ya ce in ba shi tasa guda daga kabad ɗin. Ya sa ta a aljihun babbar riga ya tafi kara. Ya dawo ya ba mu labari cewa bai yi dogon bayani ba, gindin tasar kawai ya juya wa mutumin. Falken ya ga ɗigon, ya yi salati, ya ce matarsa ma haka take yi wa nata. Ashe zargin da na yi masa ban yi daidai ba. Dillali ne ya ce masa gida da kayansa ake sayarwa, mu kuma ya ce mana ado ne kawai. Mutumin ya ce Allah ya kiyashe shi da cin kayan marainiya, amma shi ma falo ya gani, falo ya biya, kuma ya riga ya gaya wa iyalinsa.

Baba bai yi gardama ba. Ya shiga kasuwa ya sayi kujeru, agogo, darduma, fanka, firji da kabad da abin cikinsa, duk sababbi. Na sake jera falon nan karo na biyu ina kuka. Abin da ya rage a hannun Baba bai kai tayin da ya yi ta ƙi a farko ba, kuma har ya rasu bai sake riƙe shago babba ba. Dillali kuwa aka ce ya yi kudu.

Ni na raka kayan Inna a kura har ƙofar ɗakinta. Labari ya riga ni isa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a tabarma tana ɗaukar tasoshin ɗaya ɗaya tana juya gindinsu, har ta kai ta ƙarshe. Sannan ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, na ji an sai da ni jiya, kina tsaye bayan labule."

Aka yi bikin autarta bayan Sallah, aka gayyace ni cin abinci, amma jere wata aka kira.

Tun daga ranar na yarda zanen aro ba ya rufe katara. Na kuma koyi cewa in amanar wani tana hannunka kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya, kunya ba hujjar yin shiru ba ce. Har yau in jikokina suka zo aron ko ludayi, sai na tambaye su gidan wa za shi, kuma wa zai gan shi a can.