Ranar da Na Je Biko da Tanki Biyu

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga cikin kai, ban ga yadda za a yi ya kwashe ranar da na je biko a kan babur mai tanki biyu ba. Ko ni na so in manta, surukina ba zai bari ba, don har yau shaidar tana nan a tsakar gidansa, awaki na shan ruwa a cikinta.

Ni tela ne a Daura, kuma duk wanda ya san teloli ya riga ya san rabin labarin. Mu ne Allah ya hore wa "gobe ka dawo". In ba wuta aka ɗauke ba, to zare ne ya ƙare, in kuwa akwai zare, allura ce ta karye. A lokacin ban daɗe da aure ba, 'yarmu ta fari tana goye. Matata 'yar wani ƙauye ce can gaba da Baure, dab da iyakar Nijar. Da mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya, sai ta bi motar kasuwa ta tafi jinya. Muka rabu a kan cewa in jiki ya yi sauƙi ni da kaina zan je in ɗauko ta a babur, in kuma gaida surukai, tunda rabona da garin tun hidimar biki.

Jiki ya yi sauƙi, ta kira ni a waya, na ce mata ga ni nan ranar Juma'a. Shekarun nan ne da mai ya yi wuya a garuruwan bakin iyaka, gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu masu jera kwalabe a gefen titi, su ma wani wurin ka samu, wani wurin ka rasa. Ni kuwa mutum ne mai sayen mai kwalba-kwalba, gwargwadon abin da zai kai ni shago ya dawo da ni. Haka na zuba ɗan abin da na saba na kama hanya. Ina wuce Zango da kaɗan babur ya yi tari ya mutu. Na turo shi a rana har bakin gari, na samu kwalba ɗaya, zuciyata ta ce mini yau kam tafiya ba ta yiwu ba, na juyo gida. Juma'ar da ta biyo baya ɗinkin salla ya rufe ni, da ta kira sai na ji bakina ya ce, "Wallahi matsalar mai ce." Ta bayanta ma haka. Ai uzuri in ya yi wa tela aiki sau ɗaya, ba ya yar da shi.

Daga nan ta daina ɗaukar wayata. Sai yayanta ne ya kira ni, muka gaisa sama-sama, ya ce, "Baba ya ce a faɗa maka, in ka zo Juma'ar nan, matarka ce. In kuma ba hali, ka turo kawunka a zauna a yi magana." Kowa ya san maganar da ake turo kawu a yi. Jinya ta rikiɗe ta koma yaji ina zaune ina taka keke. Ranar na kasa cin abinci, don gaskiya ina son matata, kuma na tsorata ƙwarai.

Da na zauna na yi tunani mai zurfi, irin na masu hankali, sai na gano cewa babban maƙiyin aurena shi ne mai. Na kai maganar majalisarmu ta ƙofar shago, nan take abokai suka tabbatar mini da haka. Wani daga cikinsu mai yawan zuwa Nijar ya ba mu labarin babura masu ƙarin tanki, waɗanda ke keta daji yini guda ba su tsaya ba. Washegari tun da safe ina wurin mai walda, don ya ƙera mini irin wannan tanki.

Mai walda ya dubi babur ya ce, "Kamar yaya kake son girmansa?" Na ce iya abin da babur zai iya ɗauka. Ya ce, "Kariyar ɗaura kaya ta baya kaɗai ba za ta ɗauke shi ba, sai an ɗan ci gaba." Na ce masa ya ci har inda ya ga dama, ni dai kada in ƙara jin kalmar ƙarewar mai a rayuwata. Ya kuwa ci. Ya cire kujerar babur ya yanke rabinta na baya, ya ƙera wani tanki mai kama da akwatin lefe, ya ɗora shi tun daga gadon bayana har ƙarshen kariya, ya bi shi da walda ta ko'ina yadda ko rami na faɗa ba zai motsa ba. Ya ja ɗan tiyo daga ƙasansa ya haɗa da inji. Ni kuma don kada rana ta dake shi, na zare tef daga wuyana na auna tsawo, na auna faɗi, na ɗinka masa riga ta yadi mai kauri har da zif. A duk shekarun da na yi ina ɗinki, ban taɓa gama wa wani aiki a kan lokaci kamar yadda na gama wa tankin nan ba.

Na bi 'yan bumburutu ɗaya bayan ɗaya har na cika shi taf. Shi ma ɗan tankin gaba, na asali, na cika shi har wuya, abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi babur ɗin. 'Yan majalisa suka kewaye shi suna ƙwanƙwasawa suna jinjina kai. Wani ya ce da wannan sai Agadas, wani ya ce ai har Makka ma in an bar ni. Manya-manyan magidanta ne fa, kowa da iyalinsa, amma duk cikinmu babu wanda idonsa ya ga wani abu ban da mai.

Ranar Juma'a da safe na shiga yi wa Inna, mahaifiyata, sallama. Ta rako ni har ƙofar gida, ta tsaya tana duban babur, ta ce, "Wai ni kam, ita yarinyar..." Na tari numfashinta na ce, "Inna, kada ki damu, yau mai ba zai ƙare ba." Ta dube ni, ta sake duban babur, ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Sai daga baya ta gaya mini cewa ta ga in ba a bar ni na je na gani da idona ba, ba zan taɓa yin hankali ba.

Tankin da na sa don kada in tsaya a hanya, shi ya sa aka tsayar da ni a duk wani shinge da ke tsakanin Daura da Baure. Ban ga laifinsu ba, don ko ni ne a wurin na hango mutum ya nufi iyaka da wannan kaya, ɗan sumoga zan kira shi. A wani shingen, wani jami'i mai furfura a gemu ya ce, "Malam, ina za ka da wannan mai haka?" Na ce biko za ni. Ya ce, "Biko? Matarka za ka ɗauko?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya leƙa bayan babur, ya kira abokin aikinsa ya raɗa masa wani abu, suka tuntsire da dariya har ɗayan na riƙe ciki. Suka ɗaga mini hannu suka ce in wuce, Allah ya ba da sa'a. Na tafi ina jin daɗi, wai ni a dole dabarata ta burge hukuma.

Na isa ana fitowa daga masallaci. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa a gaban surukina a zaure, ga ƙannensa da wasu dattawan unguwa zaune. Aka yi mini faɗa mai laushi irin na surukai, wanda babu zagi a ciki amma sai ka gwammace a mare ka. Kaina a ƙasa na ce na tuba, kuma matsalar da ta hana ni zuwa na yi maganinta har abada. Surukina ya ce madalla, aka shafa fatiha, ya aika cikin gida a ce ta fito.

Ta fito da goyonta a baya, da ƙullin kayanta a ka. Mata suka biyo ta da tsaraba, ga ƙwaryar gero, ga kuka da daddawa, ga kaza an ɗaure mata ƙafafu. Rabona da ganinta an daɗe, sai na ji wani sanyi a raina. Na yi sauri na hau babur na tayar da shi, na gyara zama, na ce, "Bismillah, hau mu tafi." Ban ji ta hau ba. Na waiwaya, sai na gan ta tsaye tana kallon tankin nan cikin rigarsa mai zif, ya baje tun daga bayana har ƙarshen babur, ko kazar ba ta da wurin tsugunawa.

Surukina ya taso a hankali ya zagaya babur, ya sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa tankin. Ya ce, "Ɗana, duk wannan mai ne?" Na ce, "Mai ne, Baba. Sai mu je Daura mu dawo, mu sake komawa, bai ƙare ba." Ya ce, "Masha Allah. To ita kuma a ina za ta zauna?"

Na buɗe baki, amma a karon farko a tarihin sana'ata uzuri ya ƙi zuwa. Matata ce ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa saboda dattawa. Ta ce, "Baba, ai ya riga ya zo da abin goyonsa. Har riga ya ɗinka masa, ni kuwa atamfata tana shagonsa tun kafin in haihu." Ta juya ta koma cikin gida da kayanta, mata suka bi ta da gero da kaza. Dattawa suka yi ta gyaran murya suna duban ƙasa don kada dariya ta ƙwace musu. Ni kam ba dariya a raina, don na ga aurena ya juya ya shige zaure a kan idona.

Na sauka na sake durƙusawa na ce, "Baba, akwai mai walda a garin nan?" Ya ce babu, sai dai maƙeri. Aka kira maƙeri ya zo da guduma da zarton yankan ƙarfe, ya shinshina tankin ya ja da baya. Ya ce shi ba zai taɓa shi ba sai an juye man duka an cika shi da ruwa, don yana da 'ya'ya. Na buɗe ɗan tankin gaba na ƙara masa abin da ya sha a hanya, sauran kuma ba ni da inda zan zuba. Kafin ka ce me, labari ya zagaye gari cewa surukin gidan nan na Daura yana rabon mai. Mai injin niƙa ya zo da jarka, masu babura suka zo da kwalabe, wata tsohuwa ta zo da gwangwani ta ce a zuba mata na fitila, aka yi ta fama da ita ana ce mata wannan ba kananzir ba ne. Ina tsaye ina tsiyaye musu, suna ta sa mini albarka suna cewa ba su taɓa ganin suruki mai kyauta irina ba.

Maƙeri ya yi ta yanka yana duka har bayan la'asar, sannan tankin ya faɗo ƙasa. Aka bar ƙarfe tsirara inda kujera take a da. Surukata, wadda ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba, ita ta aiko da matashin kanta da tsohon bargo, aka naɗe aka ɗaure da igiyar rama. Na tsaya ina kallon ƙofar gida. Can sai ga matata ta fito da goyonta, kazarta a hannu. Ba ta dube ni ba, ta dai danna matashin da hannu ta ji ko zai riƙe ta, sannan ta hau.

Muka kama hanyar Daura. Babu wanda ya tsayar da mu a shinge, sai jami'in nan mai furfura da ya hango mu ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. Muka shigo Daura ana shirin kiran magariba. Na tsaya a ƙofar gida, ta sauka, ta gyara goyo, sai ta ce, "Malam, buɗe tankin nan mu gani." Na murɗe murfin na leƙa, ita ma ta leƙa. Mai na nan kwance, ko rabi bai sha ba. Ashe ɗan tankin da aka sayar mini da babur da shi ya isa ya kai ni garinsu ya dawo da ni tun ranar farko, in da na taɓa cika shi.

Ta ce, "To, ka gani. Da ma ba mai ne ya hana ka zuwa ba." Ta ɗauki kazarta ta shige gida, na ji Inna na yi mata sannu da zuwa tana dariya.

Washegari kafin in taɓa ɗinkin kowa na ɗinka mata atamfarta. Tankin kuwa surukina ya sa aka fafe samansa ya zama kwamin awaki, kuma duk sanda muka je gaisuwa, yanzu da 'ya'yanmu sun girma, sai ya nuna musu shi ya ce aikin babansu ne. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutum yana iya maimaita uzuri har shi kansa ya yarda da shi, ya tashi haiƙan yana gyaran abin da bai lalace ba. Tun daga lokacin, duk wani babban shiri da zan yi don iyalina, kafin in auna komai sai na fara tambayar kaina inda su za su zauna.