Alkawarin Hajiya Binta ga Direban Badarawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar Hajiya Binta a waya ya same ni, kuma ba kirana aka yi ba. Ina zaune a shagonmu na Kinkinau da hantsi, ina gyara hotunan wasu atamfofi da za mu ɗora a shafi, sai na ga fuskarta a sitatus ɗin wata mai sayar da turaren wuta, an rubuta addu'ar mamaci a ƙasa. Na ce a raina wannan baiwar Allah ta rikita hoto ne. Na matsa gaba, na sake ganin ta a na wata, sannan a na wani. Kafin babban ɗanta Aminu ya kira ni, rabin Kaduna ya riga ni sani. Ya ce bayan sallar asuba ta faɗi, hawan jinin da take fama da shi ne ya tashi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Da tana raye, da ranar an sha faɗa. Ba ta yarda a sanar da mutuwa a waya kafin a je gidan mamacin ba. Takan ce mana, "Kada wayarku ta riga ƙafarku shiga gidan mutane." Ga shi ita aka yi wa, kuma masu sonta ne suka yi.

Ni Fa'iza, a hannunta na koyi sana'a. Na zo mata da takardar makaranta da girman kai, ina ganin na san tallan intanet, ita kuwa mai shagon atamfa ce a Babbar Kasuwa wadda sai ta nisanta waya da fuskarta take iya karanta saƙo. Ranar farko na yi mata dogon bayani a kan lokacin da ya fi dacewa a ɗora talla da yadda ake tara mabiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To 'yata, duk na ji. Amma wannan hoton da kika gyara, atamfar ta fi ta gaske haske. Idan matar ta buɗe leda ta ga ba ita ba ce, ke za ta zaga ko ni?" Na mayar da hoton yadda yake ina ƙunƙuni. Bayan nan ta riƙa kirana Farfesa a gaban mata 'yan kasuwa, sunan bai sake ni ba har yau.

Haka muka yi ta tafiya, ni da ilimin waya, ita da sanin mutane. Matan da ta koya wa sayar da kaya ta waya suna da yawa, daga masu dambun nama zuwa masu ɗinkin zanin gado, kuma ba ta taɓa karɓar ko sisi a hannunsu ba. Sai dai ta kama wayar mace ta duba, ta ce, "Kin bar mai saye yana jiran amsa tun jiya? Da a shago ne ya tsaya a gabanki, haka za ki juya masa baya?"

Neman taimako ga marasa lafiya daga baya ya shigo. Wata maƙwabciyarta ce ta kwanta, Hajiya ta yi saƙon murya ta tura a zauren 'yan kasuwa, aka taimaka. Daga nan mutane suka fara sallama a ƙofarta da takardun asibiti. Ta kafa wa abin ƙa'ida mai tsauri. Ba ta neman taimako ga wanda ba ta je ta gani ba. Kuɗi asibiti suke tafiya kai tsaye. Ranar da abin da ake nema ya cika, ranar take rufewa, ko da mutane suna roƙon a bar su su ƙara. Kuma ba ta nuna fuskar mara lafiya.

A kan wannan ta ƙarshen muka fi sa-in-sa. Kowa a wannan harka ya san fuska ce ke jawo hannu zuwa aljihu. Hoton mutum a kwance, ido ya faɗa, yana tara a yini abin da rubutu ba zai tara a mako ba. Na sha gaya mata haka, ina nuna mata shafukan wasu. Amsarta ɗaya ce: "Ciwon zai warke, Farfesa, hoton ba ya warkewa. Gobe ɗansa zai je neman aure a tura wa surukai." A maimakon fuska, muryarta take bayarwa. Kowane neman taimako da magana ɗaya yake farawa: "Ni ce Binta. Na je, na gani." Mutane a Kano da Legas da ƙasashen waje da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, wannan kawai suke jira su ji.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni yin makokinta a natse, domin na san da tana kusa shi za ta fara tambayata. Ta rasu ta bar neman taimako guda a buɗe. Malam Ilu direban motar haya ne, mutumin Zamfara, yana zaune a Badarawa da matarsa Hadiza da 'ya'yansu. Ya yi hatsari a hanyar Zariya, ƙafarsa ta dama ta karye mummunar karaya, aka yi ɗorin gida bai yi ba, ciwon ya ruɓa daga ciki. Likitoci sun ce a yi aiki kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba sai dai a yanke. Direba kuma da ƙafar dama yake ci.

Ina tare da ita ranar da ta fara zuwa gidan. Malam Ilu bai roƙi komai ba sai abu ɗaya. Mahaifiyarsa tsohuwa ce a ƙauye, zuciyarta ba ta da ƙarfi, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya maza, kuma ba ta san ya yi hatsari ba. Ya ce, "Hajiya, samarin garinmu duk suna da waya. In hotona ya hita yau, gobe wani ya kai ma Inna shi har ɗaka. Ku yi mani rai." Ta ce masa, "Na yi maka alkawari, ko sunanka na gaskiya ba zai fita ba." Shi ya sa sunan da nake kiran sa da shi a nan ma ba nasa ba ne.

Neman taimakon yana tafiya lafiya, an kusa tara rabin kuɗin, sai ta rasu. Mun saba idan mako zai fara mu zauna ni da ita, ta yi saƙonnin muryarta, ni kuma in tsara su a shafi, kowanne da ranarsa da lokacinsa, ya fita da kansa. A cikin ruɗanin jana'iza da karɓar gaisuwa babu wanda ya tuna. Washegarin binne ta, ina zaune cikin mata a gidan rasuwa, wayoyi suka fara ƙara. Wata ta danna tata, sai muryar Hajiya ta cika ɗakin: "Ni ce Binta. Na je, na gani." 'Yarta Maryam ta ƙwalla ƙara ta fita da gudu. Ni kuwa na san abin da zai biyo baya.

Kafin in isa ga shafin in sauke saƙon, an cika ƙasansa da magana. Wasu na cewa 'yan damfara sun ƙwace shafin marigayiya. Wasu na cewa ai yanzu ana haɗa muryar mutum da na'ura, kowa ya yi hattara. Wani da bai san hawa ba bai san sauka ba ya rubuta dogon gargaɗi, aka yi ta yaɗa shi daga zaure zuwa zaure, ya fi duk wani abin da muka taɓa ɗorawa tafiya nesa. Ban ga laifinsu ba. Ita ce da bakinta ta koya musu kada su tura wa asusun da ba su tabbatar ba. Na yi bayani, Aminu ma ya yi da muryarsa, amma gargaɗi ya fi gyara sauri. Tun daga ranar, abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba.

Ina jin tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. Kullum da safe sai na kira mai karɓar kuɗi a asibiti in tambaya ko an turo wani abu, har ya gane lambata, yana ɗauka yake cewa, "Haƙuri dai, Malama." Abokan sana'a sun ba ni shawara, kuma ba mugaye ba ne. Sun ce abin da zai wanke shafin ɗaya ne: a nuna mutumin, fuskarsa da ƙafarsa, ya faɗi sunansa da unguwarsa, a ga ba ƙirƙira ba ce. A rubuta a sama cewa wannan ne aikin ƙarshe na marigayiya. Sun ce in an yi haka, kafin kwana biyu kuɗin zai cika. Na san gaskiya suka faɗa, domin ni na koya wa wasunsu wannan dabarar.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau Keke na tafi Badarawa, ban san abin da zan ce ba. Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, Hadiza ta lulluɓe ƙafar da zani saboda ƙuda. Ya yi mini ta'aziyya kamar ni ce 'yar da ta haifa. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni. Ya ce labari ya iso masa, ya san yadda abubuwa suka tsaya.

"Malama Fa'iza, ki ɗauki hoton," in ji shi. "Alkawali ni anka yi ma, ni kau na yahe. Amma ki dakata in kira Inna in gaya mata da bakina, kada ta ji ga wani."

Hadiza ta kira lambar wani maƙwabcinsu na ƙauye, aka kai wa tsohuwa wayar, aka buɗe murya muna ji. Ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, tana tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ya ja numfashi zai fara, sai ta katse shi.

"Ilu, lahiya dai ko? Saƙonka na wanga wata bai iso ba. Ba don komi ba, na ce ko aiki ne ya yi maka yawa. Na watan jiya da na wancan sun zo daidai, maganina da sabulu da sukari, har da atamhwa mai kyau. Mata sai tambayata suke ina ka samo ta. Allah shi yi maka albarka."

Malam Ilu ya dube ni, na dubi Hadiza. Tun da ya yi hatsarin bai aika ko ƙwayar gero gida ba, abin da za su ci ma da ƙyar ake samu. Hadiza ta rufe bakinta da mayafi. A hankali ta ce mana ranar da muka fara zuwa gidan Hajiya ta ja ta gefe ta tambaye ta abin da ya saba aikawa da sunan direban da yake ba saƙon a tashar Kawo, ita ta ɗauka hira ce kawai. Ni da nake tare da Hajiya kullum, nake riƙe da wayarta da shafinta, ban san ita ke aika saƙon da sunansa ba. Aminu ma da na tambaye shi daga baya bai sani ba.

Tsohuwa tana ta "Ilu, kana ji na?" Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce, "Ina ji, Inna. Saƙo na nan tahe." Suka yi sallama, bai gaya mata ba. Ni ma ban fito da wayata daga jaka ba. Washegari na je Babbar Kasuwa na haɗa magani da sabulu da sukari, na kai tasha da sunansa.

Ga inda muke a yau. Ba zan ɗora fuskarsa ba, kuma ban san ko abin da ake nema zai cika kafin ranar da likitoci suka sa ba. Wataƙila na yi kuskure, wataƙila taurin kaina ya jawo wa bawan Allah nan asarar ƙafarsa, wannan tunanin ba ya barina. Ba ni da muryar Hajiya, ba ni da shekarun da ta yi tana tara yardar mutane. Abin da zan iya cewa ga waɗanda suka san ta shi ne, shafin yana hannunmu ni da Aminu, mutumin yana nan da ransa, kuma duk mai shakka ya zo in raka shi asibiti ya tambayi likita da kansa.

Allah ya jiƙan Hajiya Binta, ya gafarta mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi. Yadda ta rufa asirin bayinsa a duniya, Allah ya rufa nata ranar da asirai za su tonu. Allah ya ba maigidanta Alhaji Sabo haƙurin rashinta, ya raya Aminu da Maryam da ƙannensu a kan tarbiyyarta, ya sanyaya zuciyar Maryam daga firgicin da ta shiga ta sanadinmu. Mu da ta bari da wannan aiki, Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Ya Allah, ka tashi kafaɗun Malam Ilu, ka bar masa ƙafarsa, ya taka da ita har gaban mahaifiyarsa ya ba ta labarin da bakinsa. Amin.