Ɓerayen Sani da Man Shanun Inna

Jama'a, yau na ga ikon Allah a gidanmu!

Ƙanena Sani, da aka rufe jami'a, ya dawo garinmu Fulatan da ɓeraye shida a keji. Binciken kammala karatunsa ne, wai ruwan naman kaza, wannan mai tsirowa da damina, yana rage ƙiba. Sati uku yana ɗura musu!

Yau ya ɗora su a sikeli. Kowanne ya yi ɓul-ɓul kamar gafiya! Ya dafe kai yana salati.

Sai ga Inna, mahaifiyarmu, da ƙwarya.

Ya ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Dambu da man shanu, kullum nake ba su. Baƙo ya rame a gidana? Me za a ce a gari?"