Dafaffiyar Alkamar Surukata

Surukata Baturiya ce, amma ba irin wadda ake tunƙaho da ita ba. Da 'yar Ingila ce ko Amurka, da dangin mijina sun ɗora ta a ka. 'Yar Bulgeriya ce, ƙasar da ko mu malaman makaranta sai mun yi ta lalube kafin mu gano ta a taswira. Marigayi surukina ya je can karatun likitan dabbobi, ya dawo da takardar shaida da mata. Shi ya riga ta rasuwa. Ita kuwa ta ci gaba da zamanta a unguwar Luggere, tana cin tuwo da miyar kuka, tana faɗa da masu keke da Hausar Jimeta, wadda mace da namiji duk "shi" ne a cikinta. Ni na auri ɗanta tilo, muna gida ɗaya da ita, kuma Mama nake ce mata.

A kusurwar ɗakinta akwai wani hoton katako na maza biyu masu gemu da dogayen riguna, ɗaya yana riƙe da takarda mai baƙon rubutu. Kullum da safe sai ta kunna musu kyandir. Ta ce wa da ƙane ne, 'yan mishan, da suka shiga cikin ƙabilun yankinsu fiye da shekara dubu da ta wuce. Su suka ƙirƙiro musu haruffa, suka juya musu Littafi Mai Tsarki da harshensu, ɗalibansu kuma suka ƙarasa da aikin har ƙasarta. Ko a zamanin da gwamnatinsu ta tsani addini, kakarta ba ta fasa kunna musu kyandir ba.

Faston cocinmu dai bai taɓa yarda Kirista ce ba. Ranar bikin Istarta daban da tamu a yawancin shekaru, tana azumi muna cin shinkafa, ga kyandir, ga masu gemu a bango. Sau biyu a shekara yakan zo da Littafi a hammata don ya kawo mata ceto. Ita kuma ta dafa masa shayi, ta bar shi ya yi ta zuba har ya gaji.

"Fasto," in ji ta, "mu shekara dubu muna cikin wannan addini. Naku nawa? Ɗari da ɗan kai? Sha shayi, yana sanyi."

Yakan sha kuwa, har da ƙari.

Ciwon ajalinta ya zo a shekarar da mutanen arewacin jihar suka yi ta kwararowa Yola, wasu a ƙafa, wasu a bayan tifa, masu tayar da ƙayar baya na biye da su. Gari ya cika da baƙi da tsoro. Ƙafafun Mama suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Wata rana da hantsi, na dawo daga kasuwa, ta kira ni bakin gadonta. Ni ta kira, ba ɗanta ba, kuma daga baya na gane dalili.

"'Yata, limamin coci irin namu babu shi a nan, na sani. Amma alkama akwai shi a kasuwa."

Ta ce a wurinsu ran mamaci yakan yi kwana arba'in kafin ya tsaya gaban Ubangiji. A rana ta arba'in ɗin ake dafa alkama da ƙwayarta har ta fashe, a shanya ta a kan tsumma mai tsabta, a gauraya da zuma, a raba wa mutane. Duk wanda ya kai cokali baki sai ya ce, "Allah ya gafarta mata." Ta yi wa mijinta a ɓoye, ita kaɗai ta ci, ita kaɗai ta faɗa. Ba ta son nata ya zama haka. Ta ce ba taro take nema ba, ko mutum uku ne su ci su faɗa, kada ta tsaya a can babu wanda ya sa mata baki.

Na riƙe hannunta na ce na yi alkawari. Wallahi a lokacin na ɗauka abu ne mai sauƙi. Alkama ce fa, da kalma huɗu.

Ba a daɗe ba ta rasu, aka yi jana'iza ta gani ta faɗa. Faston nan da bai taɓa ba ta shaidar ceto ba ya yi wa'azi har rana ta take, ya kira ta uwa a cikin Isra'ila, ya ci shinkafa faranti biyu. Bayan an watse da 'yan makonni na gaya wa maigidana alkawarin da na ɗauka. Sai na ga mutum ya daskare da cokali a hannu. A lokacin sunansa na cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya, ya ma riga ya ɗinka babbar riga.

"Ki bari a tambayi Fasto," ya ce.

"Baban yara, uwarka ce fa. Fasto ne ya haife ka?"

"Ki bari dai a tambaya."

Muka je. Fasto ya saurare ni yana jinjina kai, da murmushin nan nasa na wanda ya riga ya san amsa.

"Malama, ke mai koyarwa ce. Wanda ya mutu ya gama jarrabawa, an karɓi takardarsa. Mu ba ma yi wa matattu addu'a. Kuma wannan zancen arba'in, kin san na su waye. A irin wannan lokaci kike so a ce gidan ɗan takarar dattijo ana sadakar arba'in?"

Na juya na kalli mijina. Yana duban silin, kamar wanda aka aiko ya ƙirga fankoki.

Ranar arba'in ɗin ta faɗo daidai da ranar taron zumuntar mata. Tun da sassafe maigida ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a sakatariya, ya fice ko karyawa bai yi ba. Na dafa alkamata, na shanya, na zuba zuma da soyayyar gyaɗa da ɗan kirfa. Na ɗebi kwano ɗaya na rufe masa a kan tebur, sauran na cika babbar kula, na tari keke sai coci. Lissafina shi ne mata ba sa karatun tauhidi, kuma ba su taɓa ƙin abu mai zaƙi ba.

Na manta zamanin da muke ciki. A lokacin, don tsoron bam, ko jakar hannu ba a shiga da ita coci, balle kula. Ina sauka masu gadin ƙofa suka yi baya, ɗaya ya tsallake kwata, ɗaya yana ta ihu in ajiye in ɗaga hannu. Ni da na koyar da rabinsu a firamare! Sai da na buɗe na ci a gabansu kafin suka bar ni na wuce.

Matan suka yi layi da kofuna da murafan kwano. Shugabar zumunta ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta tambaye ni ko zumar Mambila ce. Na ce Mama shugaba, akwai abin da ake faɗa, na gaya musu. Nan take kowa ta sunkuya kan kofinta, sai ƙarar tauna.

"Mun gode wa Allah domin rayuwarta," in ji shugaba.

"Ba shi ba ne, Mama."

"Shi aka yarda mana, Malama. Kada ki jawo mana."

Suka cinye rabin kula, wata har da ƙullawa a leda don jikoki. Mace fiye da talatin, ba wadda bakinta ya iya ɗaukar kalma huɗu. Na rufe kulata cike da haushi.

Daga nan na nufi gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Bafulatana da duk layin ke kira Dada. Shekara da shekaru ita da Mama suna zama a tabarma ɗaya suna kukan ciwon gwiwa. Tun da aka fara tashin bama-bamai mutane suka daina aika wa juna abinci tsakanin gidan Kirista da na Musulmi, amma su biyun ba su fasa ba. Ina fara bayani ta tafa hannu.

"Sadakar arba'in! Ashe Baturiya ta san abin kirki. Kawo, kawo."

Ta kai cokali baki, ta haɗiye, ta ɗaga hannuwa. Sai ga muryar babban ɗanta daga baranda, wani ustazu mai ɗangalallen wando wanda bai cika gaishe ni ba.

"Dada, cin ya halatta. Roƙa mata gafara ne bai halatta ba."

Hannuwan tsohuwa suka tsaya a sama, sannan suka sauko a hankali. Idonta ya ciko. Ta kama yatsuna ta matse, ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata." Ban ji haushinta ba, har yau ban ji ba. Abin da ya ba ni dariyar baƙin ciki shi ne, a duk shekarar nan ba abin da fastonmu da ustazun nan suka taɓa yarda a kai tare, sai hana surukata addu'a.

La'asar ta yi, ga alkama, ga alkawari ko kaɗan bai cika ba. Na ce wa mai keke ya kai ni wajen unguwar Yolde Pate, inda na san 'yan gudun hijira sun cika wani kangon gini. Ba zan yi ƙarya ba, ba tausayi ya kai ni ba. So nake in rabu da kular kafin alkamar ta yi tsami, kuma na riga na fid da rai.

Mata ne yawanci a wurin, zaune a kan buhuna. Ban ce musu komai ba, na fara zubawa. Wata tsohuwa siririya, mai zani ɗaya a ƙirji, ta karɓa da hannu biyu, amma ba ta ci ba.

"Ta mece ce, 'yar nan? Abu mai zuma haka ba a yin sa a banza."

Na ce surukata ce ta cika kwana arba'in. Na gaya mata abin da ake faɗa, ina jiran a tambaye ni addinin mamaciyar. Ba ta tambaya ba, ni ma ban san nata ba. Ta ci, ta ce, "Allah ya gafarta mata." Ta kusa da ita ta faɗa. Haka ya bi layi har bakin ƙofa, kowa da irin Hausarta. Na zauna a kan bulo.

Sai tsohuwar ta matso, ta rage murya.

"Mijina da 'ya'yana biyu, a bakin hanya muka bar su. Ba wanka, ba rami, ba wanda ya ƙirga musu kwana. In na ƙara cokali ɗaya, zai yiwu in faɗa musu su ma?"

Na ce Baba, ki ƙara uku. Na miƙa mata kular gaba ɗaya. Ta ci, ta faɗa wa kowannensu daban, sauran matan suka matso, kowa da nata mutanen. Ni dai kuka nake yi kamar ranar aka yi rasuwar.

Da na koma gida rana ba ta faɗi ba. Na tarar da maigida zaune a falo, kwanon da na rufe masa na gabansa, bai taɓa ba.

"An yi?" ya ce.

"An yi. Waɗanda ba su taɓa ganinta ba ne suka yi."

Ya buɗe kwanon. Ya daɗe yana kallo, ya ce ƙamshin ɗakinta ke nan ranar da babansa ya cika arba'in, ashe abin da take dafawa ke nan. Ya fara ci, hawaye na sauka cikin kwanon. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙi zama. Ba fasto, ba shugabar zumunta, daga ni sai shi sai Allah. Ya cinye tas, ya kankare gefen kwano, ya ajiye cokali. Na jira kalma huɗun nan.

"Zumar ta ji," ya ce.

Bayan mako uku aka naɗa shi dattijo. Rigar ta yi masa kyau ƙwarai.