Sunaye Biyu a Bayan Kaset

Ranar wata Alhamis ce, cikin zafin farko da muka yi a Doha, shekarar da na shiga aji uku. Na'urar sanyaya falonmu ta lalace, sai Umma ta wangale ƙofa don iskar matattakala ta shigo, ta zauna a bakin ƙofar tana tsince shinkafa, ni kuma ina ɓare mata tafarnuwa. Tana cikin rera wata waƙar Indiya ƙasa-ƙasa, irin waɗanda ta haddace tun tana budurwa a Funtuwa, sai baiti ya ɓace mata. Kafin ta tuno, wata murya daga gidan da ke kallon namu ta ɗauki baitin ta ƙarasa. Muka ɗaga kai, sai ga wata dattijuwa mai furfura tsaye da ludayi a hannu, tana kallon Umma baki buɗe.

A lokacin Umma ba ta jin daɗin garin ko kaɗan. Baba ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti, ya kama mana gida a bene na uku a unguwar Bin Mahmud, yana fita da sassafe. Matar da ta saba da tsakar gida cike da 'yan'uwa, ana daka ana hira, ita ce ta koma wuni tsakanin bango huɗu, ba Larabci ba Turanci. Ni da Yaya Sagir mun sami abin yi, muna wasan ɓuya a matattakala, muna rige-rigen zuwa kanti sayo burodi, ina carafke da murafun kwalba tunda babu tsakuwa. Ita kuwa sai rama take yi. Har mun taɓa jin ta ce wa Baba da zarar an yi hutu za ta kwashe mu mu koma gida, shi ya zauna ya yi aikinsa. Maganar ta tsaya mini a rai, don ban san yadda gida yake ba Baba ba.

Dattijuwar nan, Anti Shabana, 'yar Indiya ce da ke zaune tare da ɗanta. Washegari ta shigo mana da rediyo da kwali cike da kaset. Ni aka ɗora wa aikin juya su da biro in zare ya fito, kuma a nan na lura da wani dogon suna da ke bayan yawancinsu, da ɗan layi a tsakiyarsa. Yaya Sagir ya rantse mutum ɗaya ne, sunansa da na mahaifinsa. Da na tambayi Anti, sai ta ɗaga yatsu biyu, sannan ta haɗe su. Da guntun Turancinta, Yaya yana fassara mana, ta ce mutum biyu ne, kuma ba su ke rera waƙar ba, ba su ke rawa a fim ba, su ne ke ƙirƙiro karin da kiɗan. Ranar kaina ya ɗaure. Ni da na ɗauka matar da ke juyi cikin furanni daga bakinta komai ke fitowa!

Tun daga nan na addabe ta da tambaya. Ta ce sun haɗu suna samari, suna yi wa wasu kiɗa, ɗaya mai son ganga da zafin rai, ɗayan shiru-shiru, kullum yana gaban fiyano. Da suka haɗa kai sai suka riƙa tara masu goge cike da ɗaki, har waƙoƙinsu suka karaɗe ƙasar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutum biyu za su yi waƙa ɗaya. Wa ke farawa? In sun yi faɗa fa? Muka mai da abin wasa, duk waƙar da aka sa sai mu yi cacar baki, Yaya ya ce ta mai ganga ce, ni in ce ta mai fiyano. In mun juya ga Anti ta raba gardama, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Allahu a'alam, su ma ba su taɓa faɗa ba."

Wata rana ta gaya mana cewa ɗayansu ya rasu da sauran ƙuruciyarsa, amma wanda ya rage bai taɓa cire sunan abokinsa daga aikinsa ba. Umma ta ajiye wuƙar yankan albasa ta ce, "Allah sarki, wannan ya san amana." Sannan ta sa Yaya ya tambayo mata ma'anar waƙar da take yawan rerawa, wadda ta ce da ita suke cashewa a biki. Ashe kukan matafiyi ce mai kewar garinsu. Umma ta yi dariya har ta kai ƙasa, dariyar ta juye kuka, Anti ta rungume ta ita ma tana hawaye.

Bayan haka kullum suna tare. Suna zuwa kasuwar Abu Hamur neman kuɓewa da tattasai, suna ciniki da hannu da ido, Umma ta koya mata miyar taushe, ita ta koya wa Umma shinkafa mai kayan ƙamshi. Da hutu ya zo Baba ya tambaye ta maganar tafiya, ta ce, "Bari dai mu ga bayan Sallah." Sallar nan ta wuce, wasu ma suka wuce, ba mu tafi ba. Anti ce ma ta riga mu barin ƙasar, da aikin ɗanta ya ƙare.

Yanzu su Umma sun koma Funtuwa, ni ce na rage a nan, ina aikin jinya, ina zaune a Mesaimir da mijina da 'ya'yana. Duk waƙoƙin mutanen nan biyu suna cikin wayata, da fassarar kowane baiti, da hotunansu, da tarihin da ban samu daga bakin Anti ba. Na karanta duka, har na tarar manyan masana ma suna gardamar da muke yi da Yaya. In na kunna a mota yarana sai su toshe kunnuwa da nasu kiɗan, kowa da duniyarsa, in ƙarasa hanya ina rerawa ni kaɗai. Yau na san abin da kowace kalma ke nufi, amma babu wanda zan juya in tambaya.